Busasshen Yaji na Gashin Awaza Cikin Hayaƙi: Tambayoyi da Amsoshi

Masu son gwada gashin awaza irin na Amurkawa, wanda ake barin nama cikin hayaƙi a kan wuta kaɗan-kaɗan na tsawon sa'o'i, tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, kuma mafi yawansu a kan yajin da ake shafawa suke. Na tattaro waɗanda suka fi yawan dawowa, na jera su daga masu sauƙi zuwa masu bukatar bayani.

Mene ne busasshen yaji, kuma me ya raba shi da jiƙa nama?

Garin kayan ƙanshi ne da gishiri, wani lokaci da sukari, da ake barbaɗa wa ɗanyen nama kafin ya shiga hayaƙi, babu ruwa a cikinsa ko kaɗan. Jiƙa nama kuwa tsoma shi ne cikin ruwan lemun tsami ko ruwan tsami ko nono ya kwana. Bahaushe ya san duka biyun tun da daɗewa: garin ƙulin da mai tsire yake mirgina tsinkensa a ciki busasshen yaji ne, labun da ake tsoma kilishi a ciki kuma jiƙaƙƙe ne.

Dalilin da ya sa masu gashin hayaƙi suka fi son busasshe shi ne ɓawo. Bayan sa'o'i a cikin hayaƙi, garin yakan haɗu da maiƙon naman da danshinsa, ya bushe, ya zama baƙin ɓawo mai ƙarfi wanda ya tara ɗanɗanon gashin gaba ɗaya. Naman da ya shiga wuta yana ɗigar ruwa yakan daɗe bai yi wannan ɓawo ba, domin sai ruwan ya ƙafe tukuna kafin saman ya fara yin ja.

Yawancin bayanan da ake samu a intanet na naman alade ne. Suna aiki a kan na saniya da na rago?

Gaskiya ne, a biranen Memphis da Kansas City da jihohin Karolina biyu na Amurka, idan aka ce awaza, ta alade ake nufi, kuma yaji da yawa da ake sayarwa a Amurka don ita aka haɗa shi. Musulmi ba shi da hulɗa da wannan nama, amma yajin kansa tsirrai ne da gishiri, kuma dabarar gashin tana aiki a kan kowace awaza. Sai dai kada a ɗauki haɗin da aka yi don wancan nama a zuba wa saniya yadda yake. Wancan nama ba shi da ƙarfin ɗanɗano, shi ya sa suke cika masa sukari. Naman saniya yana da nasa ƙarfin, sukari mai yawa yakan dusashe shi. Rago kuma yana da ƙanshin kitse na musamman da ke son citta da tafarnuwa da ɗan zafi.

Abin farin ciki shi ne a Amurkar ma akwai wuraren da gashinsu bai dogara da alade ba. A tsakiyar jihar Texas saniya ce sarauniya. A garin Owensboro na jihar Kentucky kuwa naman tunkiya suke gasawa a kan itacen hikori, sun shahara da shi. Daga waɗannan wurare biyu ya fi kyau mu ɗauki darasi.

Waɗanne salo ne suka fi shahara a Amurka?

Na Texas shi ya fi sauƙi: gishiri mai tsakuwa da baƙin masoro da aka ɓarza, shi ke nan. Asalinsa daga shagunan mahautan Jamusawa da mutanen ƙasar Cek da suka yi ƙaura zuwa tsakiyar jihar a ƙarni na 19, waɗanda suke gasa naman da ya yi kwantai don kada ya lalace. Gidan gashin Kreuz Market da ke garin Lockhart tun 1900 yake aiki da wannan suna, Louie Mueller Barbecue kuma da aka buɗe a garin Taylor a 1949 ya yi suna a kan manyan awazun saniya. Aaron Franklin, wanda ya fara sayar da gashi a Austin a 2009, rabi da rabi yake haɗa gishiri da masoro, kuma mutane sukan yi layi na sa'o'i a ƙofar shagonsa.

Na Memphis garin jan tattasai ne tushensa, da tafarnuwa da busassun ganyaye. Charlie Vergos, haifaffen Memphis mai tsatson Girka da ya buɗe gidan abinci na Rendezvous a 1948, shi ya fito da sunan busasshiyar awaza a birnin. A can a kan gawayi suke gasawa, suna shafa ruwan tsami, sai naman ya nuna sannan su barbaɗa yajin, kamar dai yadda mai balangu yake yi. Na Kansas City kuma shi ya fi zaƙi, jan sukari ya yi masa yawa, sannan a bi shi da miyar tumatir mai kauri. A ganina na Texas ne ya dace da saniya, na Memphis da rago. Na Kansas City sai an rage masa sukari sosai, za a yi bayanin sukari a amsar da ta shafe shi nan gaba.

Gishiri nawa ake sa wa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan, domin a duk abin da ke cikin yaji, gishiri ne kaɗai ke ratsa nama ya shiga can ciki. Yana narkewa a danshin naman, ya riƙa kutsawa sannu a hankali, ya kuma taimaka wa tsoka ta riƙe ruwanta a lokacin gashi. Masoro da tattasai da tafarnuwa a sama suke tsayawa, ba sa wuce kaurin farce ko da sun kwana. Saboda haka gishiri da nauyin naman ake auna shi, sauran yajin kuma da faɗin naman. Awo biyu ne daban, kuma idan aka cakuɗe su a kwalba ɗaya dole ɗaya ya ɓaci: ko dai ka yawaita yaji don ɓawo gishiri ya yi yawa, ko ka rage don gudun gishiri ɓawo ya ƙi fitowa.

Shawarata a sa gishiri shi kaɗai da farko. Giram 8 zuwa 10 a kan kowane kilo na tsokar nama ya isa. Awaza mai kauri ta saniya za ta ɗauki giram 8 a kilo. Awazar rago kuwa, da kusan rabinta ƙashi ne, giram 5 zuwa 6 ya wadatar. Na taɓa ɓata awazar rago guda ta layya saboda na sa mata gishiri da dare, da safe kuma na lulluɓe ta da yajin kanti wanda ban duba abin da ke cikinsa ba. Bayan sa'o'i huɗu a kan wuta babu wanda ya iya cin fiye da yanka ɗaya. Tun daga ranar na sayi ƙaramin ma'auni.

Idan da cokali za a auna, a kula da irin gishirin. Ƙaramin cokali na gishirin gida mai laushi yana kai giram 6. Gishiri mai tsakuwa da Amurkawa ke kira kosha bai kai haka ba: na kamfanin Morton wajen giram 5 ne, na Diamond Crystal wajen giram 3. Wato idan marubucin girkin da Diamond Crystal ya auna, kai kuma ka auna da gishirin gida, ka ninka gishirin ke nan ba ka sani ba.

To dunƙule fa? Ana sa shi?

Ana sawa, kuma yana ƙara armashi, musamman a naman saniya. Yajin kanti da yawa a Amurka ma suna ɗauke da sinadarin ƙarin ɗanɗano irin na farin magi. Abin lura kawai shi ne wajen rabin nauyin dunƙule gishiri ne, don haka a lissafa shi cikin awon da aka bayar a amsar da ke sama, a rage gishirin daidai gwargwado.

Me ya sa ake sa sukari, kuma yaushe yake ƙonewa?

Sukari yana taimaka wa ɓawo ya yi duhu da wuri, yana kuma kwantar da zafin barkono. Sukarin gida yakan fara narkewa ya yi ja a wajen digiri 160 na ma'aunin Salshiyos, idan aka wuce nan da kaɗan sai ya yi ɗaci. Gashin hayaƙi tsakanin digiri 107 da 135 ake yin sa, saboda haka sukari ba ya ƙonewa muddin naman yana gefe, ba a saman garwashi kai tsaye ba. Matsalar takan zo ne ga wanda ya shafa yaji mai sukari ya ɗora a kan wayar mai tsire, inda zafin ya ninka haka. Cikin mintuna kaɗan saman zai yi baƙi ƙirin, ciki kuwa ɗanye.

A awazar saniya ni ba na sa sukari sam. A ta rago nakan sa kashi ɗaya cikin takwas na haɗin. Wanda bai samu jan sukari ba ya daka mazarƙwaila ya shanya ta ɗan bushe, domin ita ma daga ruwan rake take, kuma ƙanshinta ya fi na jan sukarin kanti.

Wane haɗi zan fara da shi?

Don saniya: bayan gishiri, baƙin masoro ɓarzajje cokali huɗu, garin tafarnuwa cokali ɗaya. Kada a daka masoron ya yi laushi kamar gari. A bar shi da tsakuwa-tsakuwa kamar tsakin masara mai laushi, domin tsakuwar ce ke kama hayaƙi ta gina ɓawo, kuma dogon gashi yana kashe mata zafi har a yi mamakin yadda masoro mai yawa haka bai yi yaji ba. Masoron da ya yi gari kuwa yakan yi caɓi a kan nama ya bar ɗaci.

Don rago: garin busasshen tattasai cokali uku, masoro cokali ɗaya, citta cokali ɗaya, garin tafarnuwa cokali ɗaya, garin albasa cokali ɗaya, mazarƙwaila cokali ɗaya, kimba rabin cokali, barkono gwargwadon bakin masu ci, da kanumfari ƙwaya uku ko huɗu kacal. Kanumfari da kimba suna da ƙarfi, kuma hayaƙi ba ya rage musu ƙarfin, don haka a yi musu hannun rowa. A kimba a cire 'ya'yan a daka ɓawon, 'ya'yan ne ke kawo ɗaci. Ɗanyar tafarnuwa da ɗanyar albasa ba su da wuri a nan, busassu ake so.

Zan iya amfani da yajin tsire kawai?

Za ka iya, amma ba daga farko ba. Tsire siririn yanka ne da ke nuna cikin mintuna, garin ƙulin da ke jikinsa yana gasuwa daidai lokacin da naman ya nuna. Awazar saniya kuwa takan yi sa'o'i shida zuwa tara. Ƙuli da ya daɗe haka a cikin hayaƙi yakan sha maiƙo ya yi laushi ya toshe saman naman, ɓawon kirki ba ya fitowa, ƙanshin gyaɗar ma ya gudu. Abin da ya fi shi ne a bi hanyar Memphis da aka ambata a amsar salo: a gasa da gishiri da masoro, idan saura minti ashirin ko talatin a sauke sai a barbaɗa yajin tsire, ko ma a bari sai an yanka. Haka ake samun ɓawon Texas da ƙanshin gida a faranti ɗaya, kuma duk wanda na ba wa wannan ya nemi ƙari.

Mai zaune a Turai ko Amurka ya riƙa gaya wa baƙinsa cewa akwai gyaɗa a ciki, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, har takan kai su asibiti.

Idan na kanti zan saya, me zan duba?

Juya kwalbar ka karanta jerin abin da ke ciki. Doka ce a Amurka a jera su bisa nauyi, daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Idan gishiri ne na farko, sukari na biyu, to mafi yawan kuɗinka gishiri da sukari ka saya, kuma kada ka ƙara gishiri daban. Sannan a duba batun halal: akwai haɗe-haɗen da ake sa musu ɗanɗanon ƙyafaffen naman alade, akwai masu garin giyar wiski ko ta inabi, kuma sau da yawa an rubuta hakan a gaban kwalbar don talla. Wanda aka rubuta wa cewa don awazar alade aka yi shi ba lallai ne akwai alade a ciki ba, jerin kayan ne zai faɗa maka. Idan an rubuta kalmar ɗanɗano kawai ba tare da bayanin tushensa ba, gara ka nemi mai tambarin halal ko ka haɗa naka.

Ka kuma dubi launi. Tattasai sabo ja ne jawur. Idan ya koma ruwan ƙasa ya daɗe a kanta.

Sai na shafa mustad (wani kwaɓaɓɓen mahaɗin abinci mai ruwan ɗorawa) ko mai kafin yajin?

Ba dole ba ne. Aikinsu kawai su riƙe garin kada ya zube, kuma ɗanɗanon mustad ɓacewa yake a cikin gashi. Idan an sa gishiri tun da farko, danshin da ya jawo ya isa ya kama yajin. Idan saman naman ya bushe sosai a firji, a ɗan shafa man gyaɗa ko ruwa da tafin hannu, kaɗan dai, ba har ya yi ɗiga ba.

Yaushe ake sa yajin: da dare ko dab da gashi?

Gishiri da dare, sauran dab da gashi. Awazar saniya mai kauri tana amfana da sa'o'i 12 zuwa 24 a firji da gishiri a jikinta, a buɗe, a kan waya don iska ta ratsa. Ta rago siririya ce, sa'o'i biyu zuwa huɗu sun ishe ta. Sauran yajin tunda ba ya shiga ciki, kamar yadda amsar gishiri ta nuna, kwana ba ya ƙara masa komai. A barbaɗa shi minti talatin kafin a ɗora, a jira ya yi danshi ya manne.

Wannan kwana sai a firjin da sanyinsa bai haura digiri 4 ba. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kada a yi kasada da naman. A sa gishiri sa'a ɗaya kafin gashi a ci gaba, dogon zaman da zai yi a wuta zai ƙarasa aikin.

Yaya ake barbaɗawa, kuma da wane yawa?

Da farko a gyara naman. Akwai wata farar tantani a bayan awaza, ta gefen ƙashi. A ta rago a cire ta, a ɗaga gefenta da bakin cokali a kama da tsumma a ja, domin tana hana yaji taɓa nama kuma tauri take yi. A babbar awazar saniya a bar ta, ita ce ke riƙe tsoka da ƙashi idan naman ya yi laushi. Abin da ake cirewa a saniya shi ne kitse mai tauri da jijiya mai sheƙi da ke saman tsokar, domin yajin da aka zuba a kan kitse tare da kitsen zai narke ya tafi.

A ɗaga hannu sama kamar kamu ɗaya daga naman a riƙa yayyafawa don ya bazu daidai, a fara da gefen ƙashi, a bi gefuna, a ƙare da sama. Sannan a danna da tafin hannu, kada a goga, gogawa tana tara garin wuri ɗaya. Saniya tana ɗaukar yaji mai kauri har ya kusa rufe jan naman. A rago a bari ana hango naman ta ƙarƙashin garin. Hannu ɗaya na taɓa nama, ɗaya na riƙe kwalba, kuma duk garin da ya taɓa ɗanyen nama ba ya komawa kwalba.

Me ya sa ɓawona ya yi laushi ko ya zube?

Galibi saboda gaggawa ne. Ɓawo yana bukatar sa'o'i biyu zuwa uku kafin ya kama, a saniya ma fiye da haka. Wanda ya fara yayyafa wa naman ruwa kafin nan yana wanke yajinsa ne. A gwada da yatsa: idan an taɓa gari bai biyo yatsa ba, ɓawo ya kama.

Sai kuma naɗewa. Idan zafin cikin naman ya kai wajen digiri 65 zuwa 75 yakan tsaya cak na tsawon lokaci, saboda ruwan da ke tashi daga samansa yana sanyaya shi kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Mutane da yawa sukan naɗe shi a takardar alminiyom a nan don ya yi sauri. Yana saurin, amma tururin da ya taru a ciki yana jiƙa ɓawon. Masu gashin Texas da takardar mahauta mara kakin zuma suke naɗewa, domin tana numfashi, wasunsu kuma ba sa naɗe awazar saniya ko kaɗan. Ni ma ba na naɗewa sai an sauke. Naman yana nuna idan cikinsa ya kai wajen digiri 93 zuwa 96, tsinke ya shige shi ba tare da turjiya ba, sannan a bar shi ya huta sa'a ɗaya kafin a yanka.

Naman ya yi ɗaci. Laifin yajin ne?

Wani lokaci. A koma amsar sukari da amsar haɗin yaji a duba ko zafi ya yi yawa, ko masoro ya yi gari, ko kanumfari ya wuce kima. Amma sau da yawa hayaƙin ne. Farin hayaƙi mai kauri da ke fita daga wutar da ba ta samun iska, ko daga ɗanyen itace, yana shafa wa nama kunkunniya mai ɗaci da ke sa harshe ya yi nauyi, kuma ɓawon yaji ya fi komai kama ta. Hayaƙin kirki siriri ne, mai ɗan shuɗi, da ƙyar ake ganinsa. A yi amfani da busasshen itace mai tauri, a buɗe wa wuta hanyar iska, a guji itace mai ƙaro da katakon da aka yi wa fenti.

Jan zoben da ke ƙarƙashin ɓawo daga yajin yake?

A'a. Iskar da wutar itace ko gawayi ke fitarwa ce take haɗuwa da sinadarin da ke ba nama jan launi, sai gefen ya tsaya da launin hoda ko bayan ya nuna. Ba alamar ɗanye ba ce, ba ta kuma ƙara ɗanɗano, ado ce kawai. Kada a zuba gishirin adana nama mai ruwan hoda a cikin yaji don neman wannan zobe. Wannan gishiri yana da awonsa na musamman, wuce shi yana da haɗari.

Har yaushe haɗin zai daɗe idan na ajiye?

A kwalba mai murfi, nesa da rana da zafin murhu, wata uku zuwa shida yana da ƙarfinsa. Mai mazarƙwaila yakan dunƙule da damina, don haka a ajiye ta daban sai ranar gashi. Mai ƙuli ya fi saurin lalacewa saboda man da ke cikinsa yana sauya wari, a daka wanda za a cinye cikin makonni biyu ko uku. Masoro kuwa a ajiye shi da ƙwayarsa, a ɓarza shi a turmi ranar da za a hura wuta.